Yadda Na Kai Baba Ganin Fir'auna

Tun da muka dawo daga Masar bakina bai huta ba. A ɗakin malamai ana tambayata, a gidan suna ana tambayata, har mai kayan miyan da nake ciniki wurinsa a kasuwar Dutsin-Ma sai da ya riƙe mini ledata ya ce, "Malama, wai da gaske kun ga Fir'auna?" Mutanen garinmu Rawayau sun fi kowa matsa mini, domin sun fara zuwa wurin Baba, ya sallame su da "lafiya lau munka je, lafiya lau munka dawo." Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa in huta.

Da farko dai, ba yawon buɗe ido muka je ba, neman ido muka je. Mahaifina yana da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi tun kafin mu farga, don shi ba mai faɗin ciwo ba ne. Na dama kuma ya tsuke, sai abin da ke gabansa kai tsaye yake gani, kamar mai leƙe ta bakin tulu. Mun je Katsina, mun je Kano, aka ce sai aiki, aikin kuma mai haɗari ne. Ƙannena suka haɗa kai aka shirya tafiya Alƙahira, ni kuma aka ce in raka shi, tunda ni ce babba, kuma ni ce nake koyar da tarihi a makarantar 'yan mata. A ganinsu wadda ta shekara tana zana dalar Fir'aunoni a kan allo ai ta san hanyar Masar.

Sai na faɗi aikin Baba, domin in ba a san shi ba ba za a gane sauran labarin ba. Manomi ne kamar kowa, amma shi ne mai wankan gawar maza a unguwarmu tun kafin a haife ni. Ba a biyansa, ba ya kuma karɓa. In an yi rasuwa, kafin a gama sallallami an aiko masa, ya saɓa hiraminsa a kafaɗa ya fita. Abin da ya fara yi duk gidan da ya shiga shi ne ya rufe fuskar mamacin, in bai samu zane kusa ba ya sa hiramin nan. Kuma bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani a jikin wanda ya wanke ba. Lokacin da kawuna ya rasu a hatsarin mota, mahaifiyarmu ta yi kuka ta roƙe shi ya gaya mata yadda fuskar ɗan'uwanta take. Ya ce mata, "An suturta shi." Daga nan bai ƙara ko kalma ba har ita ma ta bar duniya.

Da aka ce Masar za a kai shi, maganar ido ba ta dame shi kamar maganar Fir'auna ba. Kowace shekara a tafsirin azumi yana jin labarin gawar da aka bari ta zama aya, mutanen garinmu kuma sun ƙara mata gishiri: wai ruwa ya tofo ta, ƙasa ta ƙi karɓarta, duk inda aka tona sai ta amayo ta. Baba ya ce shi da ya sa mutane da yawa a ƙasa bai taɓa ganin wanda ta ƙi ba, yana so ya ga wannan. Ranar da za mu tashi, amininsa Malam Ilu ya rako shi har gidana a Dutsin-Ma a bayan babur. Da za su rabu ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam, in ka gan shi ka tohwa mashi yawu sau biyu, guda naka guda nawa." Baba ya yi dariya ya ce in Allah ya yarda.

Mun bi ta Kankiya zuwa Kano da rana tsaka, don yanzu ba mai hankalin da ke kama hanyarmu da asuba. A filin jirgi aka buɗe jakar Baba. Na riga na roƙe shi kada ya ɗauki komai, ashe matan gida sun cusa masa garin kunu, ƙuliƙuli, yaji, kuka, da daddawa a ƙulle cikin leda har uku. Na Kano sun san kayansu, suka yi murmushi suka rufe. Na Alƙahira ne suka sha mamaki. Jami'in ya kwance ledar daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shaƙa. Baba ya gyara tsayuwa ya yi musu bayani da Larabcinsa na zaure, irin wanda ake karanta littattafan fiƙihu da shi. Jami'in ya saurara da ladabi kamar ana masa huɗuba, ya ce wani abu da sauri wanda ni da Baba ba mu kama ko kalma ɗaya ba, sannan ya jefa daddawar a kwandon shara ya buga mana hatimi. Baba ya yi ta jimamin daddawar nan har muka fita.

A waje Malam Sanusi yana jiranmu. Mutumin Maraɗi ne, magidanci mai furfura a gemu, ya je karatu ya zauna, yanzu aikinsa yi wa marasa lafiya 'yan ƙasarmu tafinta da nema musu masauki. Hausarsa irin tamu ce sak, har Baba ya tambaye shi ko yana da dangi a Kurfi. Ya kai mu wani gida mai hawa da yawa, ɗaki biyu da ɗan madafi. Na'urar hawa bene akwatin ƙarfe ce mai ƙofar katako, tana kuka in tana tafiya. Baba ya shiga sau ɗaya, ya ce shi ba zai ƙara shiga abin da ya yi kama da makara a tsaye ba, daga ranar da ƙafa muke hawa, ina riƙe da hannunsa, yana hutawa a kowane hawa.

Alƙahira gari ne da ba ya shiru. Motoci ba sa tsayawa don mutum, mutum ne zai kutsa cikinsu yana ɗaga hannu, su kuma su kauce masa da ƙyar. Malam Sanusi ya koya mini dabara: in laɓe a gefen wata tsohuwa 'yar gari, duk inda ta sa ƙafa in sa. Abincinsu na safe dafaffen wake ne da aka dama da mai da lemun tsami, ana dangwala da gurasa. Gurasar nan ko'ina take, ana ɗauko ta a kan katako a ka, a kan keke, mutum ya saya ya shanya ta a kan benci ta huce. Akwai kuma wani da suke ji da shi, shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyiyar albasa duk a kwano ɗaya. Baba ya ɗanɗana ya ce, "Wanga ai kamar an share madahwi an zuba a kwano." Amma da na barbaɗa masa yajin gida ya cinye tas. Shayi kuwa sun fi Buzaye, sai dai ba sa tsayawa gaisuwa. Mai shagon ƙasan gidanmu, Baba zai tambaye shi iyali, da gajiya, da kasuwa, da sanyi, shi kuma ya amsa duka da kalma ɗaya yana kallon wanda ke baya.

Mun ga likita da yamma, bayan an gama gwaje-gwaje. Mutum ne mai magana a hankali. Ya ce wa Malam Sanusi ya faɗa mana komai kada ya rage. Jijiyar idon dama saura kaɗan, ruwan idon kuma ya hau sosai, kowace rana tana cin wani abu daga abin da ya rage. Yana so ya yi aikin washegari da sassafe. In an yi, mai yiwuwa a tsare abin da ya saura, mai yiwuwa kuma a buɗe bandeji a tarar babu komai, domin ido in ya kai nan yakan mutu a hannun likita. In ba a yi gobe ba, ba shi da wuri sai mako mai zuwa.

Na ce, "Gobe ɗin ya yi."

Baba ya juya kansa gaba ɗaya wajen Malam Sanusi, don haka yake kallon mutum. "Inda anka aje Fir'auna, a buɗe yake yanzu?"

"An rufe, Baba. Sai gobe da hantsi."

"To ka ce ma likita mako mai zuwa."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Inna yake kirana, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar ma ban ɗaga ba, amma na yi magana fiye da yadda na saba. Na ce, "Baba, don girman Allah. Ido muka zo nema. Fir'auna ya yi shekara dubbai yana kwance, ba inda za shi. In an yi aikin sai in kai ka."

"In an yi aikin da wane ido za ni gan shi, Inna? Ke ma kin ji abin da likita ya ce."

"Ya ce kuma kowace rana tana ci."

"Ta ci. Abin da ke hannuna yau na sani, na gobe ban sani ba."

Likita ya kalle ni, na kalle shi. Ya rubuta magungunan ɗigawa da ƙwayoyi, ya ce a riƙe da su kafin lokacin. Na fito asibitin raina a ɓace. Na ji haushin Baba, na ji haushin Malam Ilu da yawunsa, na ji haushin Fir'auna da ya mutu bai bar mutane sun huta ba. Na kira ƙannena ko za su iya da shi, kowa ya ce, "Yaya, ke ce kusa." Haka suke in abu ya yi nauyi.

Na so mu tafi washegari a gama, amma Malam Sanusi yana da wata mara lafiya da za a shiga da ita tiyata, ya ce mu ba shi kwana biyu. Don kada mu zauna muna kallon juna, ya haɗa mu da wani direba ya kai mu dala. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara ita, na ɗauka a tsakiyar hamada take. Ashe gari ya bi ta har gindi, kana cikin cunkoson motoci da masu sayar da lemo sai ka ɗaga kai ka gan ta a bayan gidaje. Masu raƙuma suka yanyame mu. Ɗaya ya ɗora wa Baba rawani a kan hularsa ba tare da an tambaye shi ba, ya ce kyauta ne, da muka gode za mu wuce ya biyo mu har sai da na cire na mayar masa.

Baba ba ya iya ganin dalar gaba ɗaya, sai ya bi ta da kai daga ƙasa zuwa sama a hankali. Na kai shi ya dafa dutsen farko, wanda ya kai masa ƙirji. Na gaya masa kabarin wani sarki ne mai suna Khufu, kuma ya riga zamanin Annabi Musa da nisa. Na ce manoma ne suka yi yawancin aikin, suna zuwa lokacin da kogin Nilu ya cika ya shanye gonaki, ana ciyar da su da gurasa da albasa.

"Duk wanga na mutum guda?"

"Na mutum guda, Baba."

"Shina ciki?"

"A'a. Ɓarayi sun shiga tun da daɗewa, ba a samu gawarsa ba."

Ya shafa dutsen ya ce, "Da ya yi irin namu, taku biyu da rabi, da har yau shina wurinshi."

Kashegari muka je tsohon gidan tarihin da ke tsakiyar gari, inda aka tara kayansu. A nan fushina ya ɗan sauka, domin abin da na gani ya fi abin da ke cikin littafin da nake koyarwa. Na yi zaton gumaka da zinariya kawai zan gani. Akwai su, har sun gundure ni. Amma akwai faifai da kwando irin saƙar matan ƙauyen Tamawa, akwai takalmin kaba, akwai dutsen niƙa da ɗansa, akwai tandun kwalli da matsefi. An sassaƙa wata mata ta durƙusa tana niƙa, zaman nan nata da yadda ta tura kafaɗa kamar kakata. A jikin wani bango ga mutane suna huɗa da shanu, wasu suna sheƙe hatsi, ga makiyayi ya saɓa ɗan maraƙi yana tsallaka ruwa, uwar tana binsa tana miƙa wuya. Nakan kai Baba daf da gilashi in saita masa kai, ya daɗe yana kallo. A wurin shanun ya ce, "Waɗanga ai mutanen bakin ruwan Zobe ne." Ya tambaye ni wane hatsi suke nomawa, na ce alkama da sha'ir, ya ce ashe 'yan noman rani ne.

Na nuna masa gunkin wata mata mai suna Hatshepsut, wadda ta yi sarautar ƙasar da kanta, ta sa aka riƙa sassaƙa ta da gemun sarauta irin na maza. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce kada in kai wannan labarin Rawayau, don akwai matan da gemun ne kawai ya rage musu. Ranar ce na fara dariya tun fitowarmu daga asibiti. Amma da yamma da nake ɗiga masa magani, ya tambaye ni ko an kashe fitilar ɗakin, alhali tana kunne. Ya gyara da sauri ya ce ya gan ta. Na shiga madafi na yi kukana.

Gawawwakin sarakunan ba a wannan gidan suke ba, an mayar da su wani sabo. Can Malam Sanusi ya kai mu da safe. A mota Baba ya tambaye shi yadda aka yi ƙasa ta ƙi karɓar mutumin. Malam Sanusi ya ce, "Baba, ni dai abin da na sani, an binne su. Babu ma waɗanda suka kai su kula da gawa." Ya juyo wajena ya ce in ƙarasa, tunda fannina ne.

Na ce su a imaninsu rai yana dawowa ya nemi jikinsa, in jikin ya lalace ya rasa masauki. Don haka in sarki ya mutu sai a wanke shi, a cire kayan ciki, a rufe shi da kanwa har ya bushe.

"Kanwa? Irin wadda muke ba shanu?"

"Irinta, Baba. Daga nan a shafe shi da mai da turare, a naɗe shi da lilin, yatsa ma kowane da nasa naɗin. Aikin yakan ɗauki fiye da wata biyu, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, sun gada daga iyaye."

Ya gyaɗa kai. Wannan ya gane shi sarai.

Na ci gaba na ce sarakunan baya sun daina gina dala, sai a fafe dutse a can kudu a ɓoye su a ciki a toshe. Duk da haka ɓarayi suka riƙa shiga saboda zinariya. Da abin ya yi yawa, masu kula da kaburburan suka kwashe gawawwakin, suka sake naɗe su, suka ɓoye su wuri ɗaya. A nan suka kwanta shekaru dubbai har aka gano su, aka ɗauko su, masu bincike suka kwance naɗin don su ga fuskokinsu.

Muka wuce wata gada. Sannan Baba ya ce, "Ashe ba ƙasa ta ƙi shi ba. Tono shi anka yi."

Wurin a ƙarƙashin ƙasa yake, ana gangarawa. An hana ɗaukar hoto, an hana ɗaga murya. Bangon baƙi ne, ga sanyi, hasken kaɗan ne, sai a kan akwatunan gilashin da aka jera su ciki ɗaya bayan ɗaya. Hankalina ya tashi, domin a duhu idon Baba ba ya aiki ko kaɗan. Na ce a raina, shi ke nan, mun jinkirta aiki a banza. Na riƙe shi muna tafiya a hankali har idon ya ɗan saba.

Kowannensu an lulluɓe shi da farin lilin daga wuya zuwa ƙauri, an bar kai da ƙafafu a waje, wasu har da hannuwa. Ƙanana ne. Wannan ne abin da ya fara ba ni mamaki, bayan gumakan da na gani masu tsayin bene. Akwai maza, akwai mata, har mai gemun nan tana ciki, ba gemu.

Baba ya yi ƙasa da murya. "Wane ne shi a ciki?"

Malam Sanusi ya ce, "Gaskiya, Baba, ba wanda ya tabbatar. Da yawa sun ce wancan ne, Ramsis, wanda ya yi fiye da shekara sittin yana mulki. Wasu sun ce ɗansa ne, ga shi can gaba. Wasu malaman sun ce ba ya ma cikinsu."

"To sauran hwa? Mi sunka yi anka shanya su?"

Muka kai shi gaban Ramsis. Wasu Turawa suna tsaye a kansa, ɗaya ta sunkuya tana nuna wa mijinta wani abu a fuskar da ɗan yatsa, suna magana ƙasa-ƙasa. Da suka matsa na jawo Baba daf da gilashin, na kama kansa da hannu biyu na saita masa, kamar yadda na yi a wurin shanu. Na ji lokacin da idon ya kama, domin wuyansa ya tsaya cak.

Na ɗauka zai daɗe. Mutumin da ya sayar da mako guda na ganinsa saboda wannan, na ɗauka sai an kore mu. Ko minti bai cika ba. Ya ce, "Tsoho ne," a hankali, da irin muryar da yake magana in ya shiga gidan rasuwa. Sai na ga hannunsa ya tafi kafaɗa. Kafin in gane abin da yake yi, ya warware hiraminsa ya shimfiɗa a kan gilashin daidai fuskar, ya ja gefe da gefe ya daidaita, ya shafe shi da tafin hannu.

Masu gadi biyu suka taso. Na gaba yana faɗa ƙasa-ƙasa da sauri, yana nuna hiramin yana nuna ƙofa. Mutane suka juyo. Ni kunya ta rufe ni, na fara ba da haƙuri da Turanci da Hausa a haɗe. Baba kuwa yana tsaye hannuwansa a gaba, ko a jikinsa. Malam Sanusi ya shiga tsakani ya yi musu bayani, na ji ya maimaita kalma ɗaya sau biyu yana nuna Baba. Daga baya ya ce mini ce musu ya yi, wannan shi ne mai wankan gawa a garinsu.

Babban cikinsu, mai gashin baki, ya kalli Baba. Ya sa hannu biyu ya ɗauke hiramin, bai fizge ba, ya ninke shi sosai ya ɗora wa Baba a kafaɗa. Ya faɗi wata magana gajeriya. Malam Sanusi ya ce, "Wai doka ce, Baba, ba a taɓa gilashin. Wai kuma Allah ya ba ka wanda zai yi maka."

Baba ya ce, "Amin. Ni dai na yi nawa." Ya juya ya ce in fitar da shi. Na ce ga ɗan can gaba, wanda wasu suka ce shi ne, ko in kai shi. Ya ce ya isa.

A waje muka zauna a kan wani dakali cikin rana. Haushina ya dawo sabo. Na ce, "Baba, saboda wannan muka ɗaga aiki? Ko kallon kirki ba ka yi masa ba."

"Na gan shi, Inna."

"Kuma in shi ne fa? Wanda ya ce shi ne ubangiji?"

"In shi ne, hukuncinshi na wurin wanda ya yi shi, ban roƙa mashi komi ba. In ba shi ba ne, uban wasu ne." Ya gyara hiramin. "Ni ban iya tsayawa kan gawa hwuska buɗe. Hannuna bai saba ba."

An yi aikin a mako na gaba. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba ni da abin cewa a kansa. Da aka buɗe bandeji Baba ya ce yana ganin inda taga take. Muka jira ko zai ƙaru, bai ƙaru ba. Yanzu yana bambance rana da dare, yana gane in mutum ya gifta tsakaninsa da ƙofa, shi ke nan. Na tambayi likita a keɓe ko jinkirin ne ya jawo. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Wannan amsar tana nan tare da ni, wani lokacin ina cikin aji sai ta faɗo mini. Baba bai taɓa tayar da maganar ba.

Ranar da muka isa Rawayau zauren gidanmu ya cika. Ina daga ciki ta bayan ƙofa ina zuba fura a kwanuka, ina jin su. Aka yi barka da zuwa, aka yi jajen ido, Baba ya ce Alhamdu lillahi. Sai Malam Ilu ya kasa haƙuri.

"To Malam, ka gan shi?"

"Na ga wanda anka ce shi ne."

"Ka isar da saƙona?"

"Ban isar ba, Ilu. Ka yahe mani."

Aka yi 'yar dariya. Malam Ilu ya matso, na ji jan tabarmarsa. "To ba komi. Amma ka ba mu labari. Yaya kamanninshi? An ce baƙi ƙirin ya koma, an ce bakinshi a buɗe. Kai kaɗai ka gani a garin nan, kuma shi ne abin da ka gani na ƙarshe da idonka. Yaya hwuskar take?"

Na tsaya da ludayi a hannu.

Baba ya ce, "Ilu, shekara nawa muna tare? Ka taɓa jin na hwaɗi kamannin wanda na ruhe?"

Daga ranar suka dawo kaina. Ni kam ba mai wankan gawa ba ce, ba amanar da ta hau kaina, kuma na kalli fuskar nan da idona biyu lafiyayyu, har yanzu in na rufe ido ina ganinta. Da na fara wannan rubutun na yi niyyar in zayyana ta dalla-dalla, don na san ita ake nema. Ga shi na faɗi daddawa, na faɗi dala, na faɗi kanwa da mace mai gemu. Da na zo kan fuskar sai na tarar hiramin Baba yana wurin, ni kuma ba zan ɗaga shi ba.